Kunnen da Suka Yarda da Shi

19 ga Janairu

Yaya,

Sallama gare ki da duk wanda ke ƙarƙashin rufinki. Yaya gwiwar? Yaya ɗinki? Mu nan lafiya muke. Uwar yara na gaishe ki, ta ce yadin da kika aiko ya isa har da ragowa.

Na san kin cika kin batse. Uwar yara ta nuna min a wayata, kira bakwai cikin kwana uku. Ba ƙin ɗauka nake yi ba. Wayar na aljihuna amma ba na jin kukanta, in kuma na ga haskenta na ɗauka, sai in ji muryarki kamar daga ƙasan rijiya kike magana. Shi ya sa na nemo takarda da biro, zan ba direban motar da ke zuwa garinku ya miƙa miki.

Ga abin da ya faru. Ranar Talatar da ta wuce, wajen sha ɗaya na safe, tankin iskar da ke kusa da injina ya fashe. Ba ki taɓa shiga wurin aikinmu ba, bari in kwatanta miki. Ɗaki ne dogo mai rufin kwano, injin yanka ƙusa goma sha biyu a jere. Wayar ƙarfe ta shiga ta baya, ƙusa ta faɗo ta gaba cikin bokiti, kowane inji yana duka ba hutu. Shekara ashirin da biyu ke nan ina tsaye gaban na bakwai. A ciki ba a magana da baki, da hannu ake yi. Tankin yana hagu da ni, bai fi taku huɗu ba.

Ban faɗi ba, ban yi jini ba. Na dai ga mutane suna buɗe baki, injuna kuma suna ta duka ba sauti. Shugaban sashenmu, wanda muke ce wa Agogo don ba ya minti biyar bai dubi tsintsiyar hannunsa ba, ya zo ya kalle ni daga hula har takalmi, ya juya tafukan hannuna, ya ga yatsu goma sun cika, sai ya nuna min famfo. Na je na wanke fuska, na dawo na ƙarasa aikin yini.

Yau kwana biyar. Kunnen dama ya ɗan buɗe. Na hagu kuwa ba komai a ciki sai wani siririn fito, kamar buta ta kusa tafasa amma ta ƙi tafasa. Ina ganin zai wuce. Kada ki ɗaga hankalinki, kuma kada ki gaya wa dangi, ba na son a fara jera min magunguna.

Ƙanenki,
Auta

24 ga Janairu

Auta,

Na amsa sallamarka. Gwiwa na nan yadda ka san ta, in na hau keken ɗinki sai na lallashe ta kafin ta yarda ta taka. Ka gaishe min da uwar yara da 'ya'yana. Ka yi haƙuri da rubutun, hannuna da allura ya saba.

Takardarka ta zo jiya. Na karanta sau biyu, sannan na ture rigar da nake ɗinkawa na zauna. Wato tanki ya fashe kusa da kai ranar Talata sha huɗu ga wata, kunnenka ya toshe nan take, kai kuma ka wanke fuska ka koma bakin inji. Yau kwana goma ba ka ga likita ba, kana jira ya wuce. Wa ya ce maka zai wuce? Wancan mai duba yatsun?

Ni dai ban yi mamaki ba. Tun kana ƙarami ba ka ji. Inna ta yi fama da kai har ta gaji, a kira ka sau goma kana can kana abin da ka ga dama. Furfura ta fito, hali na nan inda yake.

Ranar da takardar nan ta same ka, ka je asibitin kamfani. Ka ce a duba ka, ka ce a rubuta, ka tsaya har ka ga an rubuta da idonka. Mutanen nan ba sa tuna abin da ba ya kan takarda.

Zancen kada in gaya wa dangi kuwa ya ba ni dariya. Wa ya rage da zan gaya wa? Ni ce dangin.

Ka ci gaba da rubuto min. Na fi jin daɗin haka ma, don a waya minti biyu kake yi ka ce ana kiranka.

Yayarka

2 ga Maris

Yaya,

Gaisuwa da fatan kina cikin sauƙi. Yara lafiya, uwar yara ta yi mura amma ta warware. Ki yafe min jinkiri, ban so in rubuto da hannu wofi ba, sai ga shi abin da na tara ɗin ma ba mai daɗi ba ne.

Na je asibitin kamar yadda kika ce. Aka sa ni wani ɗan akurkin ɗaki, aka ɗora min wani abu a kunnuwa, aka ba ni maɓalli, duk sanda na ji ƙara in danna. Na zauna ina jira su fara. Ashe sun daɗe da farawa.

Likitan kamfani ya ce na hagu ya kusa mutuwa gaba ɗaya, na dama saura rabi. Da ya zo gurbin da ake rubuta dalili, sai ya rubuta shekaru. Shekarata hamsin da ɗaya. Agogo ya girme ni da shida, amma yana jin motsin takarda, don shi ofishinsa na gilashi ne mai ƙofa.

Sun ɗauke ni daga kan inji, wai ba zan ji ƙararrawar haɗari ba. Wannan gaskiyarsu ce. Sun ce in zauna gida har a ga yadda za a yi da ni. Amma maganar diyya sun ce babu, don ba a wurin aiki na samu ciwon ba. A littafin da ake rubuta haɗari, abin da Agogo ya sa ranar shi ne: tanki ya fashe, ba wanda ya ji rauni. Suka ce kuma na ƙarasa aikin yini, na zo washegari, ban buɗe baki ba sai bayan mako biyu.

Sakataren ƙungiyarmu ta ma'aikata ya kai ƙara gaban kwamitin diyya. Mutum ne mai haƙuri, in zai yi min magana a takarda yake rubutawa. Ya ce muna bukatar shaida cewa tun farko da tankin na danganta ciwon. Mai waldar da ke tsaye kusa da ni ranar ya ga komai, amma da na je gidansa sai ya nuna min 'ya'yansa biyar, ya dafa kafaɗata. Ban ga laifinsa ba.

Sai na tuna da takardarki. Tana da kwanan wata, kin ambaci tankin, kin ambaci ranar, kuma kin rubuta ta tun kafin in ga likita. Sakatare ya ce ta fi mai waldar amfani. Na ba shi ya sa a fayil. Ban tambaye ki ba, ki yi haƙuri.

Zaman gida ba daɗi, Yaya. Uwar yara sai ta taɓa ni kafin ta yi magana. In ana dariya a tsakar gida sai in yi murmushi in jira wani ya tuna ya juyo ya maimaita min. Yawanci ba a tunawa.

Auta

9 ga Afrilu

Yaya,

Na samu 'yar takardarki ta watan jiya, na gode da addu'a. Ina fatan gwiwa ta yi sauƙi. Nan kowa lafiya.

Jiya aka yi zaman farko. Ɗaki ne a bene na biyu, da dogon tebur da fanka ɗaya. Mutum uku ne kwamitin, shugabarsu wata dattijuwa mai tabarau. Sakatare ya zauna kusa da ni da takarda, duk abin da aka faɗa ya taƙaita min.

Lauyan kamfani yaro ne mai ladabi, har ya rusuna ya gaishe ni kafin a fara. Da aka zo kan shaida sai na ga ya ɗaga takardarki. Na gane ta daga nesa saboda yadda kike karkata layi. Na ga yana karantawa, na ga ɗaya daga cikin 'yan kwamitin ya rufe baki yana dariya. Na dubi takardar Sakatare. Ya rubuta: “Yana karanta inda ta ce tun kana ƙarami ba ka ji.” A ƙasa ya ƙara: “Ya ce yayarka da kanta ta tabbatar da cewa ciwon tun na yarinta ne.”

Sakatare ya miƙe, na ga jijiyar wuyansa ta tashi. Daga baya ya gaya min abin da ya ce: duk wanda ya tashi a gida ya san in an ce yaro ba ya ji, taurin kai ake nufi. Lauyan ya ce shi ma a gida ya tashi, amma a duba layi na gaba, a kira ka sau goma ba ka amsa ba. Ya ce shi ba ya jayayya, mai takardar ce kaɗai ta san wanda take nufi, a tambaye ta.

Shugabar ta ce ko dai ki aiko da bayani a rubuce wanda kika rantse a kai, ko ki zo da kanki ranar ashirin ga Mayu.

Ba na son ki sha wahalar mota. Sakatare ya rubuta bayanin, ga shi nan na haɗo miki. Layi shida ne. Yana cewa ke yayata ce, kin san ni tun haihuwa, taurin kai kike nufi, kuma ban taɓa ciwon kunne ba har na shiga aiki. Ki kai kotun garinku ki rantse, su buga hatimi, ki ba direba. Aikin safiya ɗaya ne.

Na fito daga ɗakin nan a gajiye kamar na yini ina dako. Awa uku ana magana a kan kunnena, ni kaɗai ne ban ji abin da ake cewa ba.

Auta

2 ga Mayu

Yaya,

Lafiya dai? Yau kwana ashirin da uku. Direba ya ce hannu da hannu ya ba ki, kuma ya gan ki kan keke kina ɗinki, don haka na san ba ciwo ba ne.

In fushi kike don na ba da takardarki aka karanta a gaban baƙi, na amsa laifina. In kuma kina ganin ƙara gishiri nake yi don in samu wani abu a hannun kamfani, gara ki faɗa min, zan fi iya ɗauka da wannan shirun. Shiru ya ishe ni a nan.

Saura kwana goma sha takwas. Sakatare yana zuwa kullum, ya tsaya a ƙofa ya buɗe tafin hannu, ni kuma in girgiza kai.

Auta

7 ga Mayu

Auta,

Lafiyata lau, ka gaishe da gida. Ba fushi nake ba, kuma ban taɓa zaton ƙarya kake ba. Kada ka sake rubuta min haka.

Takardar Sakatarenku na nan cikin aljihun keke, tare da zare da almakashi. Sau biyu ina sa mayafi in kama hanyar kotu. Na biyun har na kai bakin ƙofa, na ga benci, na zauna, na tashi na dawo.

Layi biyar ɗin farko zan rantse a kansu ko a gaban wa. Na shidan ne ba zan iya ba.

Kai ba za ka tuna ba, shekararka huɗu. Ka yi ƙyanda, ta tafi, sai kunnenka na dama ya fara ruwa. Ruwa mai wari, yana ɓata matashin kai, kana kuka kana jan kunnen. Ya ɗauki kusan wata biyu kafin ya tsaya. Ya warke, ya warke sarai, ka tashi kana ji kamar kowa, har ka fi wasu. Shi ya sa ba wanda ya sake tada zancen, ni ma na manta da shi. Sai da na karanta “bai taɓa ciwon kunne ba”, warin nan ya dawo min a hanci.

Na yi ta juya abin. Na ce wa kaina, wa ya sani? Na ce kamfanin nan sun ci ƙuruciyarka, yanzu suna neman mafita da wasa da kalma, me zai sa ni in yi musu adalci? Duk na faɗa wa kaina. Amma rantsuwa ce, Auta. Shekarata sittin, ban san saura nawa ba. In na ɗora hannu na faɗi abin da na san ba haka ba ne, duk abin da aka ba ka a kai ba zan iya kallonsa ba, kuma 'ya'yanka ne za su ci.

Ban kuma san yadda zan gaya maka ba, shi ne na yi shiru. Wannan laifina ne, na bar ka kana jiran direba.

Ga abin da na yanke. Zan zo da kaina ranar ashirin. Zan gaya musu me nake nufi da waccan maganar, zan gaya musu yadda kake ji kafin ka shiga ɗakin injunan nan. In an tambaye ni ciwon, zan faɗa, in faɗi kuma yadda ya warke. Ina ganin gaskiyar gaba ɗayanta tana bayanka, ba gaba da kai take ba.

Yayarka

11 ga Mayu

Yaya,

Na samu. Muna lafiya.

Shekara arba'in da bakwai ba wanda ya san wannan magana sai ke da Inna, Inna kuma tana kabari. Ni mai kunnen ban sani ba. Yanzu ne, da ya rage kwana tara, za ta fito.

Na nuna wa Sakatare. Ya daɗe yana kallon takardar, sannan ya rubuta min: “In ta faɗi wannan, ta ba su abin da suka rasa.” Su ba za su ji “ya warke” ba. Za su ji “ya yi ruwa wata biyu”, su rufe fayil.

Ba ni da aiki, Yaya. Ba wanda zai ɗauki mutumin da ba ya jin ƙararrawa. Babbar 'yarki tana aji na ƙarshe. Ke kina tunanin ranar da za ki tsaya gaban Allah, ni ina tunanin wata mai zuwa.

Tunda ba za ki sa hannu ba, ki zauna gida. Gwiwarki ma ba ta son doguwar tafiya.

Auta

24 ga Mayu

Auta,

Na iso gida lafiya. Motar ta lalace sau ɗaya a hanya, amma mun shigo kafin rana ta faɗi. Ka yi wa uwar yara godiya, ita ta raka ni tasha, ta ɗaukar min jaka, ta tsaya har muka tashi.

Ka ce in zauna gida, ban zauna ba. Da ban zo ba, da maganar wasan da na yi maka ta tsaya a fayil yadda yaron nan ya fassara ta, da hannuna kuma na rubuta ta. Wannan ba zan bari ba.

Na gan ka a ɗakin. Da aka kira ni, Sakatare ya fara rubuta maka, na ga ka ture takardar ka sa ido a kan tebur. Har na gama ba ka ɗago ba. Kwana biyu na yi a gidanka, ka gaishe ni safe da yamma kamar baƙuwar da ta ɓata hanya. Ban ce komai ba, gidanka ne.

Lauyan bai yi kwana-kwana ba, tambayarsa ta uku ita ce ko ka taɓa ciwon kunne kana yaro. Na faɗi abin da na sani.

Ba zan roƙe ka gafara a kan haka ba. Abin da nake roƙo a kai shi ne tsokanar da na yi maka a takarda, lokacin da kake cikin tsoro ni kuma ban gane ba. Ban ɗauka abin ya kai haka ba.

Ka rame. Uwar yara ta ce kai kaɗai kake cin abinci a ɗaki. Ka daina. Ko ba ka ji me suke cewa, ka zauna cikinsu su gan ka.

Ba zan sake damunka da takarda ba sai ka rubuto.

Yayarka

30 ga Yuli

Yaya,

Sallama. Ina fatan kina lafiya, ina fatan tafiyar nan ba ta bar miki ciwo a gwiwa ba. Ya kamata in tambaya tun wata biyu da suka wuce. Uwar yara da yara suna gaishe ki. Babbar ta gama jarrabawa, muna jiran sakamako.

Hukunci ya fito makon jiya. Sun raba ni biyu. Kunnen hagu sun yarda tankin ne, takardarki ta farko ce ma ta tabbatar musu da ranar, za a biya diyyarsa. Na dama sun ƙi. Likitan da kwamiti ya tura ni wurinsa ya ga tsohon tabo a ciki, ya ce ba zai iya rabewa tsakanin abin da tabon ya yi da abin da ƙarar shekara ashirin da biyu ta yi ba. Mutum biyu suka ce tunda ba a tabbatar ba, ba a biya. Shugabar ce kaɗai ta saɓa musu. Kamfani kuma ya sallame ni. Sakatare yana so mu ɗaukaka ƙara, ya ce shekara ɗaya ko biyu. Na ce ya ba ni lokaci, amma a raina na san ba zan sake hawa benen nan ba. Na gaji.

Kin ga tabon yana nan, ko kin faɗa ko ba ki faɗa ba likita zai gani. Da kin sa hannu a waccan takardar, da yanzu ke maƙaryaciya ce a rubuce, ni kuma har na hagun na rasa. Sakatare da kansa ya rubuta min haka. Amma ba wannan ne ya sa na ɗauki biro ba.

Tare da hukuncin sun ba mu kwafin duk abin da aka faɗa a zaman, an buga shi da na'ura, shafi talatin da ɗaya. Kwana huɗu yana kan taga ban taɓa ba. Shekaranjiya bayan azahar na ɗauka. Naki ya fara a shafi na goma sha bakwai.

Na ga inda shugabar ta tambaye ki me kike nufi da ba na ji, kika ce: “Ranki ya daɗe, ji yana ji, yi ne ba ya yi.” An rubuta a ƙasa cewa an yi dariya.

Sai na zo inda lauya ya ce, ke yarinya ce a lokacin, yaya aka yi kika san tsawon ciwon da warkewarsa? Zan kwafe miki amsarki, don ban sani ba ko kin san yadda ta fito a takarda.

“Ni nake kai shi asibiti. Babanmu na kwance, Inna na jinyarsa. Kullum da safe sai in goya shi, mu tafi a ƙafa a wanke kunnen a sa magani, mu dawo da azahar. Kwana hamsin da uku.”

Ya ce, makaranta fa?

“Ina ajin ƙarshe na firamare. Jarrabawa ta wuce ni. Ban koma ba.”

Ya ce, to ta yaya kika tabbatar ya warke, ke ba likita ba?

“Kowace safiya in yana wasa sai in lallaɓo ta bayansa, ta dama, in kira sunansa da raɗa. Mako shida bai juyo ba. Ranar da ya juyo na zauna a ƙasa na yi kuka, shi kuma ya ɗauka wasa ne yana min dariya. Daga nan ko keken Baba ne ya shigo layi, shi yake fara ji.”

An rubuta cewa lauya ya ce ba shi da sauran tambaya.

Yaya, ni abin da na sani tun ina yaro shi ne ke kika ƙi makaranta don kin fi son ɗinki. Haka ake faɗa a gida, ke ma haka kike faɗa, har tsokanarki na sha yi a kai. Kin faɗi wannan a gaban baƙi, ina zaune taku uku da ke, na ture takardar da za ta gaya min.

Kunnen da suka ƙi biya shi ne wanda kika yi wa wannan wahalar, kuma shi kaɗai ya rage min. Rabin da ke cikinsa da shi nake jin uwar yara in ta matso.

Zan zo ranar Asabar a motar safe. Kada ki fito tasha, na san hanya. Ba ni da wata magana mai tsawo da zan yi, kin san ni. In na iso ki bar ɗinkin na yini ɗaya, ki zauna ta damana, ki yi magana a hankali. Ina so in ji sauran daga bakinki tun ina iyawa.

Ƙanenki,
Auta